Tarihin Mubi Yana Cikin Wayar Malami

Duk yaron da ya zauna a ajin darasin zamantakewa a unguwar Lokuwa ta Mubi ya haddace cewa a 1914 Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa aka sami Nijeriya. Abin da ba kasafai ake faɗa masa ba shi ne, a lokacin da aka yi wannan haɗin Mubi ba ta cikin Nijeriya. Tana hannun Jamusawa, cikin ƙasar Kamaru. Sai bayan yaƙin duniya na farko Ingila ta karɓi riƙon yankin, kuma sai da aka yi ƙuri'ar raba-gardama a watan Fabrairun 1961, mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru, sannan aka kafa Lardin Sardauna da hedkwata a Mubi. Littafin da aka rubuta don Nijeriya baki ɗaya ba shi da filin wannan labari. Intanet tana da shi, kuma ina ganin malamin da ya bar shi a can ya tauye wa ɗalibansa haƙƙi, musamman ganin shekarun da darasin tarihi ya yi a ajiye a ƙananan makarantu.

Kayan aikin ba kaɗan ba ne. Littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratsa Mubi a 1851 kan hanyarsa ta zuwa Yola, yana nan kyauta a taskar Internet Archive. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora takardun zamanin riƙon amana a ɗakin karatunta na intanet. UNESCO kuma tana da bayani da hotunan Sukur, wadda aka sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999: fadar Hidi, sarkin garin, a kan dutse, hanyoyin da aka shimfiɗe da duwatsu, gonaki hawa-hawa a jikin tsauni, da matoyar tama. Yaron da ya ga wannan a wayar malaminsa, aka ce masa a Madagali take, nan kusa, zai daina ɗaukar tarihi labarin wasu mutane ne can nesa.

Za a ce ina wutar, ina kuɗin data? Gaskiya ne, amma ba kowane ɗalibi ne yake buƙatar waya ba. Malami ɗaya ya sauke shafi biyu, ya kai shagon buga takardu, ko ya kwafa a allo da alli, aji ya wadatu, kuma takardar za ta yi shekaru tana aiki. Za a kuma ce akasarin rubutun nan na Turawa ne, da idonsu suka kalle mu. Wannan ma haka yake, shi ya sa bai kamata takarda ta zama ƙarshen magana ba. Akwai dattawa a Mubi da suka ga ƙuri'ar 1961 da idonsu. A tura yara su tambayi kakanninsu, su dawo a gwada da abin da aka rubuta. Inda aka sami saɓani, nan darasin yake.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na tsoron tono tsohon miki. Kundin Hamman Yaji, hakimin Madagali, wanda ya ƙunshi shekarun 1912 zuwa 1927 aka kuma buga shi a 1995, ya lissafa hare-haren kamen bayi a kan mutanen tsaunuka, ga shi jikokin ɓangarorin biyu suna zaune kan benci ɗaya. Sai dai ɓoye labarin ba ya kashe shi. Yaran za su ci karo da shi a WhatsApp ko Facebook, daga bakin mai neman hura wuta, ba shekara, ba madogara. Gara su fara jin sa a aji, daga malamin da ya karanta tushen, ya san yadda zai faɗe shi, ya kuma koya musu tambayar wa ya rubuta, yaushe, don me.