Sauya jami'a a Amurka: me ke bin ɗalibi, me ke zubewa a hanya?

Digirin farko a yawancin jami'o'in Amurka kiredit 120 ne, kwas ɗaya kuma galibi kiredit uku. Sau da yawa a kan kiredit ɗin ake lissafin kuɗin makaranta, shi ya sa yara da dama, har da namu da ke can, kan fara da ƙananan kwalejojin gari masu rahusa. Su yi shekara biyu su tara 60, sannan su nemi jami'a su ƙarasa. Kusan yadda mai NCE ko difloma a Najeriya ke shiga aji biyu kai tsaye ta hannun JAMB. Sai dai a Amurka babu wata hukuma guda da ke yanke hukunci. Jami'ar da za ta karɓe ka ita ke da wuƙa da nama.

Cikin jiha ɗaya abin da sauƙi. Fulorida ta daɗe da daidaita lambobin kwasa-kwasan makarantun gwamnatinta, Kalifoniya kuma tana da shafin ASSIST inda ɗalibi zai ga wane kwas ne ke madadin wane. Da ka tsallaka iyakar jiha, waɗannan yarjejeniyoyi ba su san da kai ba.

Ɗan yayata ya yi shekara biyu a wata kwaleji a jihar Washinton, sai gidansu ya tashi zuwa Teksas. Takardar sakamakonsa na ɗauke da kiredit 90, jami'ar da ya nema a Teksas ta rubuta 60. Uwarsa ta kira ni hankali a tashe: "Ƙanena, sun cinye wa yaron nan talatin!" A nan dai ba a cuce shi ba. Kwalejinsa zango uku take yi a shekara, jami'ar kuwa biyu, saboda haka kowane kiredit uku na kwalejin biyu ne a jami'ar. Asarar tana shafi na gaba, inda aka jera kwasa-kwasansa, a gaban wasu aka rubuta cewa an karɓa a matsayin na zaɓi. Wato suna cikin lissafi, amma ba su cike masa gurbin ko ɗaya daga abin da sashensa ya wajabta ba. Ga kuma dokar Teksas da ta ɗora wa ɗaliban jami'o'in gwamnati kiredit shida na tarihin Amurka da shida na tsarin mulki, har da kundin jihar, wanda babu dalilin da zai sa a koya masa a Washinton.

A ganina nan ne ake yaudarar kai. Iyaye su ji "an karɓa" su yi hamdala, alhali karɓa daban, ƙirgawa cikin digiri daban. A 2017 ofishin GAO mai bin diddigin ayyukan gwamnatin Amurka ya ƙiyasta cewa masu sauya makaranta kan rasa kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Ƙa'idoji biyu ma na ƙara rage shi: jami'o'i da yawa ba sa karɓar kwas da aka ci ƙasa da C, kuma sukan ce sai ka yi aƙalla kiredit 30 a wurinsu.

Kiredit ɗin da ake samu ta hanyar cin jarrabawa shi ma haka. Jarrabawar AP ana ba ta maki 1 zuwa 5, ta CLEP kuwa 20 zuwa 80, duka a hannun ƙungiyar College Board. Wata jami'a ta yarda da 3 a AP, wata ta ce sai 4 ko 5. Don tsohuwar kwalejinka ta ba ka kiredit a kanta, sabuwar ba dole ta bi ba. Sau da yawa sai an sake aiko mata sakamakon daga tushe ta auna da mudunta.

Abin da ya ɗan ceci yaronmu tsofaffin takardun manhaja ne. Ya kai na lissafi sashen da kansa, malami ya duba abin da aka koyar mako-mako, ya amince ya zauna a gurbin nasu.

Don haka iyaye, kafin ku biya ko sisi, ku sa yaro ya nemi tantancewa a rubuce, kwas bayan kwas, a kan digirin da zai yi. Kuma kada ya yar da manhajar kowane kwas sai ya karɓi shahadarsa.