Kafin Ka Dangwala Yatsa a Caji Ofis

A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga suka kashe masallata a masallacin Mazakuka da ke ƙaramar hukumar Mashegu. Wanda ya ga irin wannan, idan ya ji lauya yana kare mutumin da ake zargi da kai wa ɓarayin daji bayani ko man fetur, ba mamaki ya ce lauyan ma nasu ne. Amma zargi daban, laifi daban. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba a kiran mutum mai laifi sai kotu ta tabbatar. A zamanin da rikicin gona ko tsohuwar gaba kan sa a raɗa sunan mutum a kunnen jami'an tsaro, wanda ke zagin lauya yau, shi zai nemi lauyan gobe.

Kuskurenmu shi ne makara. Sai an yi ta sintiri, an sayar da buhunan masara an ba 'yan kamisho masu cewa sun san oga, an kai yaro gidan yarin Kontagora, sannan a tuna da lauya. Alhali shari'ar ta lalace tun daren farko, lokacin da aka rubuta bayani da Turanci, aka kama babban yatsansa aka shafa tawada, ya dangwala bai san ya amsa laifi ba. Wannan takardar ita za ta bi shi har gaban alƙali.

Sashe na 35 ya ba ka damar yin shiru har ka gana da lauya ko wani da ka zaɓa. Dole a kai ka kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, idan babu, kwana biyu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Beli kyauta ne, ko da yake kowa ya san yadda ake yi da wannan maganar a ƙasa.

Aikin lauya ba ƙarya ba ne. Shi ke neman beli, ya yi wa shaidu tambayoyi, ya nuna wa kotu idan da duka aka karɓi amsa, domin Dokar Shaida ta 2011 ba ta yarda da irin wannan amsar ba. Sai dai ka faɗa masa gaskiya duka, ba a ɓoye wa mai wankan gawa ciki, kuma sirrinka amana ne a wurinsa.

Marar hali ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a Minna. Idan tuhumar hukuncinta kisa ne, kotu da kanta take naɗa lauya. Wanda kuma bai jin Turanci, tafinta haƙƙinsa ne, ba zai biya ko sisi ba.