Kafin ɗan kasuwar Bana ya sayi sabuwar waya

A Bana, cikin gundumar Gaya ta jihar Dosso a Nijar, kasuwanci fuska uku gare shi. Malanbil ta ƙasar Benin tana tsallaken kogin Kwara, Kamba ta jihar Kebbi tana tsallaken iyakar Najeriya, Yamai kuma tana can arewa maso yamma. Mai sayar da shinkafa ko rake a nan yana karɓar sefa, yana karɓar naira, wani lokaci a ciniki ɗaya.

Shi ya sa tambayar farko ba ta tsadar waya ba ce. Ina masu sayen kayan suke, kuma da me suke biya? Wanda abokan cinikinsa ke Dosso da Yamai, hanyarsa ta tura kuɗi Nita ce ko Amana, tunda dukansu suna da rassa da manhajar waya. Mutanen Kamba sun saba da OPay da Moniepoint, musamman tun ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da mai kuɗi a banki ya rasa na cefane. A Benin kuwa MoMo na MTN ne ya yi kaka-gida. Layin Airtel, Moov ko Zamani ma, wanda ke kamawa a bakin rumfa shi ne na saye, ba wanda tallarsa ta fi daɗi ba.

Sai shirin ranar da abubuwa suka tsaya, kuma mutanen Gaya sun ga irin ranakun. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka toshe gadar Malanbil, manyan motocin Kwatano suka yi jerin gwano, kaya suka koma kwalekwale. Najeriya ta kuma yanke lantarkin da take bai wa Nijar. Wanda ya sa firij ba tare da faranti mai aiki da hasken rana ba, ya ji a jikinsa.

Abin da ya fi ceton mutane a lokacin ba shi da tsada: saƙon murya ta WhatsApp, hoton buhu, farashin canji na safiya kafin a ɗaure kaya.

Littafin bashi dai kada a yar da shi don an sami manhaja. Mai rumfa ya rubuta a takarda, ya ɗauki hoton shafin kowace yamma, ya tura wa wani amintacce a gida.