Masu Kiwon Kifi a Kaduna, Ku Riƙa Leƙa Ruwanku da Asuba

Kiwon kifi ya shiga gidaje da yawa a Kawo, Malali, Unguwar Dosa, Badarawa da Mando, wasu a tankin siminti, wasu a na roba ko tamfol, wasu kuma a kududdufin ƙasa a gefen Kogin Kaduna. Amma duk lokacin da bazara ta kama, a watannin Maris da Afrilu, sai a riƙa jin kuka iri ɗaya: an kwanta kifi lafiya lau, an wayi gari sun taso sama ciki a waje. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce guba aka zuba. Sau da yawa kuwa iskar oksijin ce ta ƙare a cikin ruwan da dare.

Kifi ma da oksijin yake rayuwa, yana tace wadda ta narke a ruwa ta mashaƙar da ke ƙarƙashin murfin gefen kansa. Ruwa kuma ba ya ɗaukar ta da yawa. Lita ɗaya mai ɗumin digiri 20 tana iya riƙe kusan miligiram 9, in ta kai digiri 30 sai ya sauko zuwa kusan 7.5, alhali zafin yana ƙara wa kifi buƙatarta. Da rana gansakuka tana samar da oksijin, da dare kuma ita da kifin da ƙwayoyin da ke ruɓar da ragowar abinci duk suna shan abin da ke nan. Shi ya sa ruwa ya fi talaucewa gab da asuba. Masana kiwon kifi suna son a tsaya a miligiram 5 ko sama. Ƙasa da 2 kuwa an shiga haɗari.

A wannan hali zuciya ce ke tsaka mai wuya. Jinin da ke shiga zuciyar kifi shi ne wanda ya gama zaga jiki, gaɓoɓi sun kwashe rabonsu na oksijin, ita ce za ta tura shi mashaƙa ya ɗauko sabuwa. A kifaye da yawa, da wannan ragowar naman zuciyar yake rayuwa. In iska ta yi ƙaranci, kifaye da dama sukan rage saurin bugun zuciya, jini ya ɗan jima a cikinta ta samu ta tsotsi abin da ya saura.

A cikin ƙwayoyin halittar zuciyar akwai wasu sassa da ake kira maitokondiriya, masu ƙona sukari da oksijin su fitar da sinadarin ƙarfi, ATP. Da oksijin, ƙwayar sukari ɗaya tana ba da kusan 30. Babu ita, 2 kacal. Abin da ƙwayar halittar ke yi in iska ta yi ƙaranci ya yi kama da gidan da aka ɗauke wa wuta aka koma ƙaramin janareta: a kashe firji da dutsen guga, a bar ƙwan fitila, ana kallon mai yana raguwa. Ƙwayar takan rage ayyukan da ke cin ƙarfi, ta taɓa sukarin da jiki ya ajiye. Wani furotin mai suna HIF, wanda ake rushewa nan take in akwai iska, sai ya taru ya kunna umarnin da ke taimaka wa jiki jure ƙarancin. Gano yadda wannan tsari ke aiki ne ya sa aka ba William Kaelin, Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel ta likitanci a 2019.

Sai dai wannan dabara bashi ce. Ajiyar sukari tana ƙarewa, sinadarin laktik yana taruwa, jini ya yi tsami, zuciya ta kasa matsawa da ƙarfi. Akwai wani kifin Turai, dangin kifin zinariya, da ke juya laktik ɗin ya zama barasa ya fitar da ita cikin ruwa, har ya kwashe watanni a ƙarƙashin ƙanƙara. Namu ba su da wannan baiwar. Karfasa tana da juriya, amma tana da iyaka. Gaiwa tana da huhu, takan shige laka ta jira damina. Tarwada kuma tana da wata gaɓa mai rassa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, kuma wannan ne ke yaudarar masu kiwo, su ɗauka ba ta gajiya. Ƙananan 'ya'yanta ba su gama haɗa gaɓar ba, su ne farkon mutuwa. Manyan kuma, ko sun rayu, cin abinci da girmansu yana raguwa, cuta tana samun ƙofa. Mai kiwo ya yi ta zuba abinci mai tsada, sikeli ya ƙi motsi.

Don haka a riƙa duba tanki bayan sallar asuba, kafin rana ta ɓoye matsalar. In ka ga kifi sun yi cincirindo a bakin famfon shigar ruwa, ko karfasa tana buɗe baki a saman ruwa, ko ruwan ya yi kore shar, ko ya yi baƙi yana wari da kumfa, to kada ka ba su abinci, domin narkar da shi ma yana cin oksijin. Ka zubar da wani ɓangare na ruwan ta ƙasa, ka zuba sabo a hankali. Ruwan rijiyar burtsatse yakan fito da ƙarancin iska, sai a sa ya faɗo daga sama yana fantsama. Na famfo kuma a bar shi ya kwana saboda kulorin. Kada a cunkusa kifi fiye da ƙarfin tanki, a yi masa inuwa, a kwashe abincin da ya rage. Masu kududdufin ƙasa su ƙara sa ido in hadari ya rufe rana kwanaki a jere, da kuma bayan ruwan farko.

Gargaɗin bai tsaya ga masu kiwo ba. Shara, kashin dabbobi da ruwan kwata da muke turawa magudana, ruwan farkon damina yana kwashe su zuwa Kogin Kaduna, su ruɓe su shanye iskar da kifin masunta ke buƙata, kuma daga kogin nan ne matatar ruwa ta Malali ke ɗiba. Wanda ya tarar da matattun kifi suna yawo a kogi kada ya kwasa ya kai gida ko kasuwa, don ido ba ya bambanta wanda rashin iska ya kashe da wanda maganin ƙwari irin su gamalin ya kashe. Ya sanar da mai unguwa ko jami'an kula da muhalli, ya kuma hana yara taɓa su.