Lissafin Da Ba Mu Yi Ba Kafin Istenshan Ɗinmu Ya Narke

Ni dai ban samu gado a hostel ba, shi ya sa mu uku muka haɗa kuɗi muka kama ɗaki a Kurmin Mashi, kullum muna bin baifas zuwa Tudun Wada. Wata asuba cikin hunturu aka kawo wuta, kowa ya yi wuf ya tashi. Ni na jefa hita a bokiti, ɗaya ya jona dutsen guga, ɗayan ya ɗora taliya a kan rishon lantarki, duka a istenshan guda. Ba a jima ba warin roba ya cika ɗakin, soket ɗin bango ya yi baƙi ƙirin, hayaƙi na tashi dab da katifa.

Mai gidan ya leƙo ya ce, "Yara, ku ne masu karatun injiniyan?" Na ce, "Baba, a yi mana aikin gafara." Kunya ta kama ni, domin lissafin da zai hana wannan ɓarna tun ajin farko aka koya mana shi, na haddace don jarabawa na watsar.

Abubuwa huɗu ne. Boltej shi ne ƙarfin da ke tura wuta, ana auna shi da bolt, alamarsa V. Karan shi ne yawan wutar da ke gudu a waya, ana auna shi da amp, alamarsa I. Turjiya, wato rizistans, ita ce yadda abu ke tare wa wuta hanya, ana auna ta da om, alamarta R. Fawa kuma ita ce saurin cin makamashi, ana auna ta da wat, alamarta P. A shekarar 1827 wani malamin lissafi Bajamushe, Georg Ohm, ya wallafa dokar da ta haɗa uku daga ciki: R = V ÷ I. Ita kuma fawa, P = V × I. Muddin ka san biyu, sauran biyun suna hannunka.

To bari mu koma ɗakinmu. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. A jikin hitata an rubuta wat 1500. Raba 1500 da 230, ka samu amp 6.5. Turjiyarta kuma 230 ÷ 6.5, kusan om 35. Dutsen guga mai wat 1200 yana jan amp 5.2, risho mai wat 1000 yana jan amp 4.3. Da yake a istenshan kowanne yana samun cikakken bolt 230 ɗinsa, karan ɗinsu ake tarawa: amp 16. Filogi mai baki uku da soket ɗinsa kuwa iyakarsu amp 13, kusan wat 3000 ke nan. Mu mun ɗora wat 3700.

Za ka ce ina fiyus? Gaskiya mun daɗe da yar da filogin, tsirarar waya muke cusawa a soket mu danne da tsinken ashana. Nan ne ainihin matsalar. Idan ka haɗa dokokin nan biyu za ka samu P = I × I × R. Haɗin da bai kamu da kyau ba yana da 'yar turjiya, a ce om 0.2 kacal. Cajar waya ba ta wuce amp 0.1 da wani abin kirki, don haka zafin da ke fita a wurin wat 0.002 ne, ba ka ko jin ɗuminsa. Amma a amp 16, lissafin ya koma 16 × 16 × 0.2, wat 51 ke nan. Wannan ya kai zafin ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi, ga shi a ƙunshe cikin roba. Ka lura, idan karan ya ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi.

Wannan lissafi ya kuma warware mini abin da muke kira "lo karan". A gaskiya boltej ne ke sauka. Idan ya faɗo zuwa bolt 180, turjiyar hita tana nan kusan om 35, sai karan ya zama amp 5.1, fawa ta koma wat 920. Boltej ya ragu da kusan kashi 22 cikin ɗari, zafi ya ragu da kusan kashi 40. Shi ya sa ruwa ke ƙin tafasa har ka makara lacca. Sai dai firij da injin jan ruwa ba haka suke ba: mota ce a cikinsu, idan boltej ya yi ƙasa takan ja karan fiye da ƙima har ta ƙone. A kashe su ya fi.

Ga masu mitar kati kuma, yunit ɗaya shi ne wat 1000 na tsawon awa guda. Hitata ta yi awa biyu, yunit uku sun tafi. Ƙwan LED mai wat 10 sai ya yi awa 100 kafin ya ci yunit ɗaya. Ka ga wanda ke cewa hasken karatun dare ne ke cinye katin ɗaki bai yi lissafi ba.

Kuɗin sabon soket da na mai gyara daga kuɗin cefanenmu suka fita, mun ji jiki a makon nan. Yanzu mun sa filogi mai fiyus, kuma kayan zafi ɗaya bayan ɗaya muke jonawa, kai tsaye a bango. Kafin ka jona komai, juya bayansa ka karanta wat ɗin, ka tara, ka raba da 230. Idan amsar ta doshi 13, cire ɗaya, musamman da yake wayar istenshan mai araha ba ta ma kai ɗaukar hakan ba. Allah Ya tsare mu daga gobara, Ya ba mu sa'ar jarabawa.