Tallar Ɓoye: Yadda Finafinai Ke Koya wa Matasa Shan Taba da Giya

Masu iya magana kan ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A wannan maƙala za mu duba wani maɗaukin kanwa da iyaye ba su cika lura da shi ba, wato fim, wanda yaro kan zauna da shi sa'o'i da dama ba tare da kowa ya tambayi abin da yake koya masa ba. Za mu fi mayar da hankali kan Amurka, domin can ne aka fi bin diddigin al'amarin.

Tun daga watan Janairu na 1971 doka ta hana tallar taba a rediyo da talabijin a Amurka, amma ba ta taɓa finafinai ba. A fim ɗin Superman II na 1980, kamfanin Philip Morris ya biya kimanin dala 43,000 domin a riƙa nuna Marlboro, har aka jefa jarumin cikin wata babbar mota mai ɗauke da sunan tabar. A 1983 kuma Sylvester Stallone ya amince da dala 500,000 daga kamfanin Brown & Williamson bisa sharaɗin zai yi amfani da tabarsu a finafinai biyar. Sai a 1998 aka haramta irin wannan ciniki, bayan yarjejeniyar da jihohin ƙasar suka ƙulla da manyan kamfanonin taba. Giya kuwa ba a ɗaure ta haka ba. A 2012 an ga James Bond da kwalbar Heineken a fim ɗin Skyfall.

To, ina shaidar cewa gani yana kai ga aikatawa? A 2003 masana daga Dartmouth suka buga sakamakon wani bincike a mujallar The Lancet. Sun bi yara kimanin 2,600, 'yan shekara 10 zuwa 14, waɗanda ba su taɓa kai sigari baki ba, suka ƙididdige yawan shan tabar da kowannensu ya gani a fim. Da aka koma musu bayan shekara ɗaya zuwa biyu, kashi 17 cikin ɗari na waɗanda suka fi gani sun fara sha, alhali a cikin masu ƙarancin gani kashi 3 ne kacal. Mai karatu na iya cewa ai yaro mai rawar kai ne ke neman irin waɗannan finafinai tun farko. Masanan sun yi la'akari da haka, da kuma tasirin abokai da na gida, duk da haka haɗarin ya kusan ninka sau uku. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, tasirin ya fi ƙarfi ga yaran da iyayensu ba sa shan taba. A 2012 babban jami'in lafiya na Amurka ya tabbatar a rahotonsa cewa kallon yana cikin dalilan fara shan.

Dalilin, a ganinmu, bai da wuyar fahimta. Albert Bandura ya nuna tun 1961 cewa yaro yana koyo ta hanyar kwaikwayon na gaba da shi. Saurayi ɗan shekara 14 yana neman wanda zai zama, fim kuwa ya miƙa masa jarumi mai kuɗi da farin jini, da kofi a hannu. Ba a nuna masa tari, ko amai, ko ciwon hanta, domin labari kan ƙare kafin cuta ta bayyana.

Indiya, wadda finafinanta suka daɗe da samun karɓuwa a ƙasar Hausa, ta bi wata hanya: daga 2012 tilas ne gargaɗi ya fito a ƙasan allo duk lokacin da aka nuna taba. A 2024 hukumar tace finafinai ta Nijeriya ita ma ta ba da sanarwar hana ƙawata shan taba a fim. Sai dai yaron yau yawancin kallonsa guntayen bidiyo ne a wayar hannu, waɗanda ba mai tace su.