Malaman sana'a: alli kaɗai ba ya koyar da walda

Duk wanda motarsa ta taɓa mutuwa tsakanin Maraɗi da Damagaram ya san darajar makanike. Amma kaɗan ne daga cikinmu ke tambayar halin da malamin da ya koyar da shi yake ciki.

Ƙasarmu tana da makarantun fasaha masu tarihi, kamar lise Ɗan Kasawa ta Maraɗi, da Isa Beri da Kalmaharo a Yamai. Dokar ilimi ta 1998 ta ba koyon sana'a matsayinsa, kuma bayan 2011 an buɗe cibiyoyin koyon sana'a da dama a cikin jihohi. Gini ya ƙaru, ɗalibai sun ƙaru, amma kukan malamai bai sake ba.

Kuka na farko shi ne kayan aiki. Malamin tarihi yana iya cika shekara da allo da alli. Malamin walda kuwa sai da ƙarfe da sandar walda da wutar lantarki, malamin kafinta sai da katako da ƙusa. Waɗannan kaya ƙarewa suke yi a kowane darasi, kuma yawancinsu daga waje ake shigo da su. Lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, kuɗin sayensu daga waje ya ninka. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023, injin da ba shi da janareto ya zama kayan kallo. Ran da babu kaya, sai malam ya zana injin a allo, yara su kwafa, su fita da takardar shaida hannunsu bai san aiki ba.

Na biyu shi ne haɗari. Idan yara sun yi yawa a kan zarto guda mai aiki da wuta, ba tabarau ba safar hannu, idon malam ɗaya ba ya isa. In yatsa ya tafi, shi uwaye za su tuhuma.

Na uku shi ne albashi. Tun ƙarshen shekarun 1990 gwamnati ta koma ɗaukar malamai ƴan kwantaragi, waɗanda abin da suke samu bai kai na cikakken ma'aikaci ba, kuma jinkirin biyansu ya sha haddasa yajin aiki. To malamin sana'a yana da abin sayarwa a hannunsa. Matatar mai ta Damagaram da aka buɗe a 2011, da bututun da ya fara kai man Agadem gaɓar tekun Benin a 2024, da garejojin gari, duk suna neman mai walda da mai lantarki. Wanda ya fi ƙwarewa shi ake fara ɗaukewa, makaranta ta tashi da asara.

Wanda ya daure ya zauna kuma, zamani yana neman wuce shi. Motocin yanzu da kwamfuta ake gano ciwonsu, faifan hasken rana ya shiga ƙauyuka, alhali malam bai samu horon sabunta iliminsa ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata hukuma ta saki kuɗin kayan aiki kafin komawa makaranta, ta kuma tabbatar harajin koyon sana'a da kamfanoni ke biya yana isa wurin da ake koyon. Ku kuma alhazai masu gareji da masana'antu, ku buɗe ƙofa ga ɗalibai da malamansu su taɓa injinan zamani, domin daga hannun yaran nan za ku ɗauki ma'aikatan gobe. Allah ya sa masu iko su ji.